Gayyar Kacalla a Bakin Kanal

Ku matso nan kusa, ku kifa wayoyinku a cinya, ku kasa kunne. Ga ta nan tafe gare ku, amma ba daga dajin tatsuniya ta fito ba. Daga bakin ruwa ta fito, ruwan da na gani da idona, kuma mutanen da ke cikinta duk na sha shayi da su.

Ni mutuniyar ƙasar Damagaram ce. Da maigidana ya rasu, ɗana ya ɗauko ni ya kawo ni Sevran, can gefen Paris, ya ajiye ni a wani dogon bene. Shekarun farko ban san komai na garin ba sai kasuwa da masallaci. Jikata ce, ɗiyar ɗan nan nawa, ta fara fitar da ni yawo. Tana ƴar lakkwal, wato makaranta, a lokacin. Ta kama hannuna ta kai ni bakin wani ruwa miƙaƙƙe kamar an ja shi da igiya, itatuwa jere a gefensa. Na tambaye ta wane irin gulbi ne wannan da ba ya lanƙwasa. Ta ce ba gulbi ba ne, kanal ne, mutanen da ne suka haƙa shi da hannu don ya kai ruwa da kaya cikin Paris. Ta nuna mini wasu manyan ƙofofi da ake rufewa ruwa ya taru ya ɗaga jirgi sama, a buɗe ya wuce. Na daɗe tsaye ina kallo. A garinmu rijiya guda idan aka haƙa, sai a shekara ana labarinta.

Yarinya ta girma, ta tafi Lyon ta yi karatun zanen gine-gine. Arshitekt ake ce musu. Na zaci za ta dawo ta dinga tayar da benaye, sai ta dawo ba ta da zance sai na ruwa. Muna tsinkar alayyafo tana ba ni labari. Ta ce kanal ɗin nan tsufa ya kama shi kamar yadda ya kama ni. Zafin bazara ya ƙaru, ruwa na ja da baya, gansakuka na rufe shi, duwatsun gefe na zubewa, ga mutane na jefa masa tsofaffin kekuna da kwalabe. Babban kanal akwai masu kula da shi. Ƙananan rassan da aka ja zuwa masana'antu a zamanin da, su ne ba su da gata. Idan masana'anta ta mutu, sai a cike reshen da ɓaraguzai a shafe da siminti, kamar ba a taɓa yin ruwa a wurin ba.

To, akwai irin wannan reshe a wani gari gaba da namu kaɗan, bayan wata masana'anta da ta daɗe a rufe. Masu filin sun yi niyyar gina gidaje, kuma sun yanke shawarar cike reshen su mai da shi wurin ajiye motoci, don wari yake yi, ba wanda zai so ya buɗe taga a kansa. Biron da jikata ke aiki, wato ofishinsu, ya roƙe su arziki. Suka amince da sharaɗi: an ba ta bazara guda. Idan ganye ya fara zuba ruwan ya washe, wari ya tafi, za a bar shi, a gina gidajen suna fuskantarsa yadda ta zana, da matakalar katako da wurin zama. Idan bai washe ba, motocin ɓaraguzai na nan suna jira. Wannan shi ne aiki na farko da aka danƙa mata a hannunta ita kaɗai.

Ran da ta kai ni in gani, na tarar da wasu abubuwa kamar manyan tabarmi suna yawo a kan ruwa, an ɗaure su da igiya a gefe. Ta ce da zaren kwakwa aka saƙa su, aka ɗora a kan abin da ba ya nutsewa. A kansu shuka ce tsaye, kore shar, mai dogon ganye kamar takobi. Na ƙura ido. Na ƙara matsawa. Sai na ce mata, ke ƙawata, wannan ai kacalla ce.

Ku da aka haifa nan ba ku san kacalla ba. Ciyawa ce ta ruwa, mai fidda kai kamar zangarniyar gero. A ƙasarmu idan ta shiga tafki sai ta cinye shi. Ta toshe hanyar ban ruwa, ta hana masunta jefa taru, ta zama gidan tsuntsayen da ke cin hatsi. Manomin fadama idan ya ganta, ransa ɓaci yake yi.

Jikata ta yi dariya ta ce ta sani. Ta ce a nan aiki aka ɗauke ta. Saiwarta na rataye cikin ruwa kamar gemu, tana shanye ƙazantar da gansakuka ke ci, ƙananan kifi kuma na ɓuya a ciki. Tunda a kan tabarma take, ba ta da ƙasar da za ta yaɗu, in sanyi ya zo a yanke ta. Na ce to, Allah mai iko, kowa da inda yake da daraja. Ta ce, tsohuwa, har ke ma. Na kai mata duka da gefen mayafi.

A wannan shekarar ne aka kawo gaisuwar aurenta. Yaron kirki ne, direban bis, iyayensa mutanen ƙasarmu ne da ke zaune a Stains, amma shi nan aka haife shi, bai taɓa riƙe fartanya ba. Kawunsa kuwa, yayan mahaifiyarsa, ya zo daga gida don a duba masa ido, aka ce ya tsaya har a ɗaura aure. Dattijo ne siriri, mai ƙarfin hannu, manomin fadama tun tasowarsa. Kowa Kawu yake ce masa, ni kuma ina ce masa Alhaji.

Wata rana angon ya ɗauki Kawu ya kai shi bakin reshen nan don ya yi alfahari. Suka tsaya bayan shingen waya, ya nuna masa ya ce ga aikin wadda zai aura. Kawu ya duba, ya duba, bai ce uffan ba. Yaron ya ɗauka mamaki ne ya hana shi magana. Daga baya Kawu da bakinsa ya gaya mini abin da ke ransa a ranar. Ya ce tausayi ne ya kama shi. Ga yarinya ta yi dabara ta shimfiɗa lambu a kan ruwa, aikin biro ya sha kanta, kacalla ta zo ta mamaye mata shi, kuma a duk dangin da za ta shiga ba namiji ɗaya da ya tuɓe riga ya taimaka. Ya ce kunya ta hana shi cin abinci.

A wajenmu, idan kuna neman ɗiyar mutane, ana yi wa surukai gayya. A tara maza a je gonarsu a nome ta tas a wuni guda, a ci abinci a watse. Mai mutunci kuma ba ya zuwa ya yi shela tukuna, don kada a ce godiya yake nema. Kawu ya bi masallatan Stains da La Courneuve yana kiran mutane a asirce. Ya samu ƴan Nijar, ya samu ƴan Cadi, har da wasu ƴan arewacin Kamaru. Ko angon bai gaya wa ba, ya ce yaran nan bakinsu ba ya riƙe magana.

Ranar Asabar ɗin da suka sa, mu kuma muna Lyon. Jikata za ta je wurin tsohuwar malamarta, wadda take kira Madam, don wasu manyan ɓerayen ruwa sun fara cin shukar, tana neman shawara. Ta ce in zo in ga garin da ta yi karatu. Muka shiga jirgin ƙasan nan mai gudu, wanda kafin ki gama kallon saniya a fili ta zama tarihi. A Lyon ta kai ni inda gulbi biyu suka haɗu, ɗaya ruwansa da duhu, ɗaya da haske, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su yarda su gauraya. Na ce mata haka dangin miji da na mata suke, ta ce in bar ta ta huta.

Madam na da wurin renon shuke-shuken ruwa a bayan gari, gefen wani tsohon kanal. Mun same ta tsaye cikin ruwa har gwiwa da dogayen takalman roba, farin gashi a hargitse. Ta fito ta riƙe hannuna da nata jiƙaƙƙe, ta ba ni kujera a inuwa. Daga nan ne aka ɗauki kacallar jikata tun tana ƙarama. Suna cikin zancensu da Faransanci, ni ina kallon agwagi, sai wayar jikata ta yi ƙara. Kiran da ake ganin fuska ne. Kawu ne, wani ya riƙe masa wayar.

Jikata ta gyara ɗankwali ta sunkuyar da kai. Ya gaishe ta, ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Lyon da bai sani ba, tana amsawa a hankali. Sannan ya ce a juya wayar.

Na leƙa ta kafaɗarta. Ga tabarmin nan an jawo su gefe, fes, ko tsinke babu a kansu. Ga maza zaune a kan duwatsu da wanduna a naɗe, suna cin shinkafa daga manyan tire, suna ɗaga mana hannu. Mai gadin wurin ma, ɗan Cadi, yana cikinsu da cokali, don da Kawu ya ce masa surukan arshitekt ne, buɗe ƙofa ya yi. Can gefe kuma ga kacalla an tara ta tsibi guda a rana, saiwa a sama.

"Mun fidda ta har saiwa, ɗiyata," in ji Kawu. "Ba za ta dawo ba. Na zo da irin yakuwa da na kuɓewa daga gida, in kin dawo sai mu zuba."

Yarinyar ta ƙura wa tsibin ido. Bazara ta yi nisa, saura ɗan lokaci ganye ya fara zuba. Amma kawun miji ne, a gaban mutanen da ya tara. Ta buɗe baki ta ce, "Na gode, Kawu. Allah ya saka da alheri." Ta miƙo mini wayar, ta zagaya bayan rumfa.

Madam ta bi ta. Na ji suna magana, sai na ga matar nan ta dawo ta zauna a kan bokitin da aka kife, tana dariya har da hawaye. Can ta tsaya cak, ta yi wata tambaya da sauri. Jikata ta leƙo da jajayen idanu ta ce mini, Kaka, ta ce in saiwar ba ta bushe ba za a iya ceton wasu, amma sai an mayar da su ruwa yanzu yanzu. Jikata ta ce ita kam ba za ta iya faɗa wa Kawu ba.

Abin da yarinya ba ta iya faɗa wa suruki, tsohuwa na iyawa. Na ɗaga wayar. Duk da saurin da ake yi ban yanke gaisuwa ba, don ba a fara wa dattijo da mummunan labari a tsaye. Na tambayi idonsa, na tambayi gajiyar aiki, na yi wa mutanensa sannu. Jikata na bayana tana taka ƙasa kamar mai jin fitsari. Sannan na ce masa ya ɗan matsa gefe daga jama'a.

Na ce, "Alhaji, aikinku ya yi kyau, ba a taɓa yi mana irin wannan karamci ba. Sai dai kacallar nan da kuka cire, ita ce shukar."

Ya matso da fuskarsa kusa da wayar.

"Hajiya, shuka ta aka yi?"

"Da hannu. Daga nan inda nake zaune aka ɗauke ta a mota, ana lallaɓa ta kamar ƙwai."

Na bayyana masa yadda take shanye ƙazantar ruwa, da sharaɗin masu filin, da motocin da ke jira. Ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Ya ce shi ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yaƙi da wannan ciyawa, bai san akwai ƙasar da ake yi mata reno ba. Bai tsaya neman uzuri ba. Ya juya ga mutanensa ya ce kowa ya ajiye cokali. Kafin mu kashe waya na ga dattawa na gudu da rungumar kacalla suna tsoma ta a ruwa, wasu na jiƙa buhuna suna rufe sauran. Na jiyo mai gadin nan yana cewa, Alhaji, shinkafar cirewa muka ci, ta mayarwa wa zai dafa? Kawu ya ce masa ya yi aiki, shi da ya buɗe ƙofa ba shi da bakin magana.

Madam ta kwashe mana duk ƴan shukar da za ta iya rabuwa da su. Muka cika jakunkuna da bokitai biyu. Haka muka shiga jirgin komawa, ni da atamfata ta fita kunya, rungume da kacalla a cinya, ruwa na ɗiga a takalmina. Wani bature da ke kusa da ni ya tambayi jikata ko ci ake yi. Ta fassara mini, na ce ta gaya masa a'a, amarya ce muke rakawa. A nan ne yarinyar ta yi dariyar farko tun da rana.

Washegari aka yi gayya ta biyu. Matan Stains ne suka dafa, wannan karon da sanin kowa. Mun tarar da Kawu ya riga kowa zuwa. Jikata ta durƙusa ta gaishe shi kamar ba abin da ya faru, shi kuma ya kasa kallonta. Ya ce, "Ɗiyata, yau ke ce sarkin noma. Ki nuna mana, mu bi." Ta nuna musu yadda ake buɗa zaren a cusa saiwa, da tazarar da za a bari, da waɗanda suka riga suka mutu a ware su. Angon ma ya zo, aka sa shi jan igiya, ya zame ya faɗa ruwa har ƙugu, abokan kawunsa suka ce ai wankan ango ne ya yi da wuri. Ina zaune kusa da inda Kawu ke dashe, na ji yana yi wa ciyawar magana ƙasa ƙasa, yana cewa ke dai kin ci sa'a, ban taɓa zaton hannuna zai dasa ki ba.

Ba duka suka kama ba. Kusan rabi suka yi rawaya suka kwanta. Waɗanda suka rayu kuma ɓerayen ruwa suka sa su gaba. Jikata ta kewaye tabarmin da raga yadda Madam ta ce, amma Kawu bai yarda da raga ba. Kullum bayan ya karya kumallo sai ya hau bis da sandarsa ya je ya zauna a bakin ruwan. Bai taɓa kama ɓera ko ɗaya ba, sai dai ya buga ƙasa ya yi musu tsawa da Hausa. Abokansa da suka daina aiki suka fara zuwa taya shi zama, da butar shayi da tabarmar salla. Matan unguwar masu tura jarirai suka fara tsayawa a bayan waya suna kallon tsofaffi na gadin ciyawa.

Ganye ya fara zuba, ranar ta zo. Wakilin masu filin ya iso da mai auna ruwa. Ni ma na je, na zauna cikin dattawan, duk mun sa kayan Juma'a ba tare da mun yi shawara ba. Daga bakin reshen zuwa bayan tsakiyarsa ruwa ya washe, ana ganin duwatsun ƙasa, ƙananan kifi na wulgawa. Can ƙarshen kuwa, inda shukar ta fi mutuwa, yana nan kore, kuma in iska ta juyo ana jin warin. Sharaɗi bai cika ba, kowa ya gani.

Jikata ba ta ɓoye komai ba. Ta gaya wa wakilin an cire shukar bisa kuskure a tsakiyar bazara an sake dasawa, ba ta ce wane ne ba. Kawu ya ji an fassara masa, sai ya miƙe tsaye ya dafa ƙirjinsa don mutumin ya san shi ne. Wakilin ya dube shi, ya dubi layin tsofaffi da butar shayi, ya tambaya su wane ne. Ta ce surukanta ne. Ya ce shi ba shi ke yanke hukunci ba, zai kai magana sama. Aka ba shi shayi ya sha, ya ɓata fuska don zaƙi, ya nemi ƙari.

Amsa ta zo bayan an fara sanyi. Ƙarshen reshen, wanda bai washe ba, za a cike shi a yi hanyar motoci. Sauran, wanda ya fi yawa, an bar shi, kuma za a gina gidajen suna kallonsa yadda ta zana. Jikata ta zo ɗakina ta faɗa a kan gadona, ta yi kukan guntun da ta rasa, sannan ta tashi ta ci tuwo kwano biyu.

An ɗaura aure cikin sanyin nan. Jikata tana nan tana bin rassan ruwa, wani lokaci a Paris, wani lokaci a Lyon, ɗiyarta ta fari ta fara tafiya. Mijinta yana nan da bis ɗinsa, an ƙara masa girma yana koya wa sababbin direbobi. Madam ta bar aiki ta koma kusa da ƙanwarta a bakin teku, takan aiko mini da zuma. Mai gadin nan, da aka gama gini, shi aka ɗauka yana kula da tabarmin, yana yanke shukar idan sanyi ya shigo. Kawu an gyara masa ido ya koma gida. Yana can fadamarsa yana yaƙi da kacalla kamar da, kuma in an tambaye shi sai ya ce ta Faransa daban ce, ita ta yi lakkwal. Ni kuwa ina nan Sevran, gwiwa ta fara ƙi na, amma bakina lafiya lau. Iyakarta ke nan, ku tashi ku ɗora mini ruwan zafi.